Ba Famfon Ruwa Ba Ne

Yaya Lantana,

Ina gaisuwa. Yaya ƙafar Inna? Yaya yara?

Ki faɗa wa Inna famfon da nake jira ba na ruwa ba ne, ta daina cewa in sayi na leda. Na'ura ce mai zuba min insulin a jiki. Likita ya rubuta tun kafin azumi, amma 'yan inshora sun ce ciwona bai kai su biya ba. Wato in ƙara lalacewa in dawo.

Lafiyata ƙalau. Shekaranjiya dai sukari ya sauka, na farfaɗo a ƙasan kicin. Duk Greensboro ba wanda ya sani.

Allah ya bar zumunci. Ki riƙa kirana kullum. In ban ɗauka ba, kar ki ce aiki ne.

Ƙanwarki,
Zakiya