Ni na hana gayyar mayo saboda Honarabul

Assalamu alaikum jama'ar wannan guruf, 'yan uwa Kirista ina gaishe ku. Admin don Allah a sakaya sunana. Bari in fara faɗa da bakina, ni ne mai laifi, ban zo neman wanda zai wanke ni ba. Don Allah ku ba ni shawara, amma duk wanda ya san sai ya tambayi wace jam'iyya nake kafin ya yi magana to ya riƙe shawararsa, wannan ciwon ne ya kawo ni nan.

Ni mai walda ne, shagona yana Sabon Layi, gidanmu kuma yana wata unguwa a bayan garin Mubi da ba zan faɗi sunanta ba. Tsakaninmu da babban titi akwai mayo, wato rafi, da rani yashi ne zalla, da damina kuwa sai ya cika ya batse. Akwai tsohuwar kwalbati a kansa wadda ruwa ya cinye gefenta tun da daɗewa. Abin da muka taso muka tarar shi ne, kafin ruwan farko ana yin gayya. Mai unguwa ya sa a yi sanarwa a masallaci ran Juma'a, a coci ran Lahadi, Asabar ta gaba kowa ya fito. Maza su ɗebo duwatsu a cika buhuna da yashi, mata su dama kunun gyaɗa, ni kuma in kawo guntayen rodi in kafe gefen. Ba gyaran a zo a gani ba ne, amma yana kai mu kaka lafiya.

Ina da amini, zan kira shi Ishaya duk da ba sunansa ba ne. Manomi ne, katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu, tare muka yi kiwon awaki muna yara. Lokacin gudu, da kowa ya bar gari yana ta kansa, shi ya goya Dada mahaifiyata a bayansa ya hau dutse da ita, ni ina riƙe da yara. Wannan ne mutumin da na yi wa abin da zan faɗa muku.

Siyasarmu ba ɗaya ba ce, kuma da can abin wasa ne. Yana ce min sarkin fosta don ni ke manna hotunan 'yan takararmu, ni ina ce masa ɗan amshin shata. Lokacin da mutuminsu ke kan kujera, duk ranar gayya ina aiki da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana ɗaukar bidiyo. In tura a guruf ɗin unguwa in rubuta, ku ga ramin ɓarayi, talaka na ɗaukar dutse su suna ɗaukar kwangila. Ishaya ya yi ta kawo uzuri, wai ba a sakar wa mutumin nasu kuɗin aiki ba, wai a yi haƙuri. Ban taɓa yarda da uzuri ko ɗaya ba. Amma duk kare mutuminsa da yake yi, shi ne na farko a bakin mayo da diga a kafaɗa.

Sai Allah ya juya lamari namu ya ci zaɓe. Honarabul ya zo har bakin kwalbatin da kansa lokacin kamfen, ya tsaya a kan ta ya ce in ya hau, wannan ce aikinsa na farko, siminti da rodi, mota biyu za su wuce a jere. Ni na riƙe masa lasifika ranar. Aka ba ni shugaban matasa na unguwa, na fara jin kaina kamar da ni ake mulkin.

Damina ɗaya ta wuce ba a ga ko tifar yashi ba. Na ce ai yanzu ya hau. Ramin da na kira na ɓarayi jiya, yau na ce ruwan bana ne ya yi ƙarfi. Uzurin nan na Ishaya da na yi wa dariya, shi na ɗauka na wanke na sa a bakina ba kunya. Bana da lokacin gayya ya matso, Ishaya ya je wurin mai unguwa ya tuna masa a yi sanarwa. Da na ji shi ne ya tayar da maganar sai raina ya ɓaci, na ce ramuwa yake so ya yi, ya ɗauki bidiyo kamar yadda na yi musu. Na je na samu mai unguwa na ce a dakata, aiki yana hanya, in injiniyoyi suka zo suka ga mun riga mun gyara za su ce ba mu da matsala a ɗauke aikin a kai wata unguwa. Wallahi babu wanda ya faɗa min haka, ni na ƙirƙira, kuma ina faɗa ina jin kamar gaskiya ce. Na tara samari na ce duk wanda ya ɗauki dutse ranar Asabar ya nuna wa duniya Honarabul ya gaza. Ban tsaya nan ba, na rubuta a guruf ɗin unguwa cewa an sayi Ishaya ne don ya ɓata wa gwamnati suna, kowa ya karanta, har matarsa.

Ya same ni a shago ina cikin aiki. Bai ɗaga murya ba, ya ce sarkin fosta, ruwa bai san jam'iyya ba fa. Na ce masa ya je ya faɗa wa waɗanda suka aiko shi. Ya tsaya yana kallona, sannan ya juya. Ranar Asabar shi da 'yan dattawa kaɗan suka fita, suka jera abin da ƙarfinsu ya iya, babu samari, babu rodi, don na kulle nawa a shago.

Cikin watan Agusta, ranar kasuwa da hantsi, ya ɗauko ɗanyar masara a keke napep zai kai cikin gari. Suna hawa kwalbatin gefen ya zabtare, keken ya kife cikin mayo ya danne masa ƙafa. Direban ya fita da ƙujewa. Ina kan hanyar shago na tarar da mutane sun taru. Jama'a, ga abin da ke hana ni sukuni. Aminina yana kwance cikin laka ƙarfe a kan ƙafarsa, abu na farko da na yi shi ne na fizge wayar wani da ke ɗaukar bidiyo, ina cewa kar a ɗauka, kar a ɗauka. Sai bayan nan na sa hannu aka ɗaga keken. Kuma ya gan ni. Idonsa a kaina yake.

Ƙashin ya karye wuri biyu. Har yau da sanda yake dogarawa, gyaɗarsa ciyawa ta cinye rabi, matarsa da ƙannensa ne suka tattaro abin da ya saura.

Na je gidan Honarabul don in faɗa masa abin da ya faru. Na wuni a bakin get kamar mai roƙo. Da ya fito zai shiga mota na yi sauri na gaishe shi na ce ranka ya daɗe maganar kwalbatinmu ce, ta karya mutum. Ya dube ni ya ce wace kwalbati? Mutumin da na ɓata da aminina dominsa bai ma tuna ya taɓa tsayawa a kanta ba. Ya ce in ga yaronsa, gilashi ya rufe. Na dawo ina tafasa, amma da na zauna na duba sai na ga shi alkawari kawai ya karya, ni ne na hana a ɗauki dutse. Laifi tudu ne, na shekara da shekaru ina kan nawa ina hango na wasu.

Na je duba Ishaya da lemo da burodi, na ce masa ƙaddara ce, Allah ya kiyaye gaba. Ya yi murmushi ya ce, ƙaddara ce ta kulle rodi a shago? Na ajiye lemon na fito. Da na koma wani zuwan na ce sharrin shaiɗan ne, matarsa ta ce daga ɗaki, shaiɗan ɗin ya iya rubutu a guruf kuwa. A nan ya faɗa min abin da yake so. Ya ce shi ba ya neman komai a hannuna, amma a gaban jama'a na ce an saye shi, a gaban jama'a zan janye. In tsaya ƙofar masallaci ran Juma'a, in tsaya ƙofar coci ran Lahadi, in ce ƙarya na yi, kuma ni da bakina in kira gayya. Dada kuwa tun da ta ji labarin wayar nan ta daina cin abin da na kawo gida. Ta ce bayan da ya goye ta ya fi cikin da ya ɗauke ni amfani.

Shugaban jam'iyyarmu na unguwa ya ji ƙishin-ƙishin, ya kira ni ya ce in na kuskura na yi haka na gama yawo, za a cire ni, za a ce na ci amanar jam'iyya, zaɓe ya matso ba lokacin tonon silili ba ne. Ko sannu bai je ya yi wa Ishaya ba. 'Yan ɗaya ɓangaren kuma har sun fara aiko min da gaisuwa, suna jira in buɗe baki su ɗauki bidiyo, su ma ba ƙafar Ishaya ce ta dame su ba, lokacin da nasu ke sama wannan ramin bai taɓa hana su barci ba. Duk halinmu ɗaya, na yi fushi da su, na fi fushi da kaina.

To jama'a ya zan yi? In fito in faɗa, na san maganata za ta zama makamin mutanen da ba su fi namu ba, samarin da suka bi ni kuma za su ce na kai su na baro. In na yi shiru, damina za ta sake zuwa ta tarar da ramin nan, yaranmu ta kansa suke bi zuwa makaranta, kuma ban san da wane ido zan ƙara kallon Ishaya ba. Akwai yadda mutum zai faɗi gaskiya a garin nan ba tare da an sa masa hular wata jam'iyya ba? Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa min yadda ya fita.

Jiya da la'asar na koma gidansa hannu rabbana, ba lemo ba burodi. Yana zaune gindin mangwaro ya miƙe ƙafar a kan turmi. Bai ce ya yafe ba, bai kuma kore ni ba. Na durƙusa a gabansa, matarsa tana tsaye tana ji, na ce:

"Ishaya, ba ƙaddara ba ce, ba shaiɗan ba ne, ni ne. Ni na hana samari fita, ni na kulle rodi, ni na ce an saye ka alhali na san ƙarya ne. Kana cikin laka na fara ceton sunan wani kafin ƙafarka. Kai ka goya uwata, ni na kasa ɗaukar maka dutse ɗaya. Ka yafe min, ɗan uwana."