Takarda ta Arba'in da Biyu

Unguwar Soja, bayan Beji,
18 ga Nuwamba, 2003.

'Yata Rachael,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya, da maigidanki Joshua, da jikokina. Yaya sanyin Jos? Ni lafiya lau, in ban da gwiwa da gwamnati.

Jiya na sake zuwa Minna. Na san kin hana, to, na je. Na sa kakina, na maƙala lambobina uku, na taka mil bakwai zuwa Beji kafin na ga mota. Takarda ta arba'in da ɗaya ke nan da na kai a kan maganar hanyarmu. Akawun da na tarar, haihuwar jiya, ya juya takardar filin da Di'o ya ba mu a 1946, ya ce wai in kawo shaidar cewa Baturen ne ya sa hannu. Rachael, ina zan samo Di'o? In je Ingila in tono shi? Na gaya masa mu goma sha biyu muka dawo daga yaƙin Bama, aka yanka mana wannan daji, aka ce mu share, hanya tana tafe bayan damina. Shekara hamsin da bakwai ke nan. Goma sun mutu suna jira, saura ni da Ndaceko, shi ma ido ya tafi.

Sai ya ce ai fayil ɗinmu ma ya ɓata, in dawo mako mai zuwa. Wannan mako mai zuwa, tun kaina yana baƙi nake jiransa.

Kin ce in haƙura, na tsufa. Ba zan haƙura ba. Ba kya nan ranar da ciwo ya kayar da mamarki Mary a watan Agusta. Mota ta zo ta tsaya a hayin rafi, muka ɗauko Mary a kan ƙyauren ɗaki, ba mu kai Beji da ita ba. Muddin ina numfashi sai sun karanta ni.

Ki gaishe da kowa.

Mahaifinki,
Saje Irimiya.

9 ga Maris, 2004.

'Yata Rachael,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Na ga man zafin da kika aiko, Allah ya yi albarka. Ki zauna kafin ki karanta wannan.

An ga fayil! Kin san inda yake? Ƙarƙashin ƙafar teburin wani babba, shi ke hana teburin rawa. Da aka sayo masa sabo, sai ga mu. Kafin mu farga har an ba da kwangila, ga katafila biyu a bakin rafi. Mata suka yi ta guɗa. Ndaceko ya sa aka jawo shi ya shafa ƙarfen da hannunsa, yana kuka, tsohon banza.

Ranar Talata masu awo suka zo suna kafa turaku masu jan fenti. Ina gabansu ina baza kafaɗa, har muka iso gindin kaɗanya. Turke ɗaya suka kafa a dama da kabarin mamarki, ɗaya a hagu. Tana tsakiyar titi, Rachael.

Washegari na dira Minna. Na yi faɗan da ban yi ba tun ina bariki, har mutanen wasu ofisoshi suka leƙo. Injiniya Yisa, mai kula da aikin, ya bari na gama, ya ba ni ruwa. Na tambaye shi wane jahili ne ya ja wannan layi. Sai ya zaro taswira daga fayil ya juyo mini. Rubutuna ne. Saje Irimiya, 1982.

Ni na zana ta da hannuna. Na bi turbar da mata suke bi da doya a kafaɗa zuwa kasuwar Beji, ta gindin kaɗanyar da mamarki take sauke kaya ta huta. Ita ce ma ta danne mini takardar don kada iska ta ɗauke. Da ta rasu na binne ta a can, don can ta ce tana so. Taswira ko tunawa da ita ban yi ba. Wa ya taɓa zaton suna karantawa? Takarda arba'in da ɗaya, babu wadda suka kula, sai wannan suka bi tiryan-tiryan, ko taku ɗaya ba su kauce ba.

Haushi ya hana ni cin abinci, kuma na rasa wanda zan zaga.

Mahaifinki,
Saje Irimiya.

16 ga Maris, 2004.

'Yata Rachael,

Ina gaishe ki da iyali duka. Na samu amsarki, na ga kin ce in rubuta musu su karkatar da hanyar. Yau ke ce mai cewa in rubuta!

Na tambayi Injiniya. Ya ce dama dutse ne da rafi, hagu gidajen mutane. In za a canza, sai an sake awo, sai takarda ta hau sama ta sauko. Kafin nan ɗan kwangila zai kwashe katafilolinsa zuwa wani aiki a Zungeru, ga damina a ƙofa. Na ce yaushe za su dawo, ya sunkuyar da kai. Na san wannan sunkuyo, ɗan'uwan mako mai zuwa ne.

Duk da haka na rubuta. Ta arba'in da biyu, kuma ban taɓa rubuta mai kyanta ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, duk unguwar nan babu wanda ya ce mini uffan. Da sun zage ni da na samu abokin faɗa. Ndaceko aiko mini ya yi, wai babban yatsansa yana nan in ina son dangwale, alhali shi ne ya yi kuka a jikin katafila.

Jiya na sa kaki, takarda a aljihu, na biya ta kaɗanya in gaya wa mamarki. Sai ga matar Silas maƙwabcinmu da doya a kafaɗa, ga cikinta ya fara fitowa. Ta sauke kayan a gindin itacen tana haki, ta durƙusa ta gaishe ni. Na tambaye ta yaushe ne watanta, ta ce Agusta.

Ban je Minna ba. Takardar tana cikin akwati, nan za ta ruɓe.

Na yi magana da Fasto, ya ba da wuri a gefen coci, can za mu mayar da mamarki. Ki zo ranar Asabar da farin yadi mai kyau, ki zo da Joshua, don kafaɗa huɗu ake bukata kuma ɗaya tawa ce, kada wanda ya kawo mini maganar gwiwa. Kada kuma ki zo ki yi ta mini kuka, ni ma a wuya nake. Ina jin haushin Di'o, da akawu, da tebur, da Saje Irimiya na 1982, kuma ina kewar mamarki kamar jiya ta tafi.

Sau ɗaya na ɗauke ta a kan wannan hanya, ban kai ta ba. Wannan karon zan kai ta.

Allah ya kawo ku lafiya.

Mahaifinki mai ƙaunarki,
Saje Irimiya.