Wankakken Iri da Kajin Innata

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ofishin Kula da Magungunan Gona, Yamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Yallaɓai yana lafiya tare da iyali, ni matar wani direba ce a unguwar Lamorde da ke nan Yamai, kuma kukan kaji na kawo. Maigidana ya ce dariya za a yi mini. A yi.

Na farko. A ƙauyenmu can wajen Maraɗi, idan damina ta gabato, Baba yakan zuba iri a wata tsohuwar ƙwarya, ya barbaɗa jar hodar nan mai hana shi ruɓewa a ƙasa, ya yi ta girgizawa yana waƙa. Mu yara muna nesa, Inna tana korar kaji da bakin zane. Da haka muka tashi: hatsin da ya yi ja na shuka ne, ba na ci ba.

Na biyu. Ranar da aka kawo ni Yamai, Inna, Allah ya jiƙanta, ta sa mini kaji a kwando, jikokin kazar da aka kai ta ɗaki da ita. Ni da littattafan soyayya suka cika wa kai, na zaci birni bene ne da furanni. Ɗaki ɗaya na tarar. Amma in na shimfiɗa tabarma da hantsi ina karatu, suna tono a gefena, sai in ji kamar Inna za ta leƙo daga madafa.

Na uku. Bayan shukar bana na auno musu dawa wajen wani mai tebur a unguwar Bukoki. Fara tas, shi ya sa ban yi shakka ba. Ba a jima ba ƙwai ya fara fitowa babu ɓawo, 'yan tsaki ƙafafu a karkace, sai mutuwa. Likitan dabbobi ya ce ragowar iri ce aka wanke. Ya ce maganin, wai shi tiram, har masu haɗa roba suna aiki da shi, kuma wanki ba ya raba hatsi da shi duka. Kaza ɗaya ta rage mini, ita ma ta daina ƙwai.

Ina roƙon a zagaya teburan masu awo, domin wani in ya auna, tuwo zai yi da dawar nan. A yi shela a rediyo, da Hausa da Zabarmanci. Sannan wani masani a cikinku ya taimaka ya gaya mini abin da zan ba wannan da ta saura. In ta tafi, babu gidan da zan koma in karɓo wata.

Allah ya taya ku riƙo, ya tsare muku abincin gidanku.

Wassalam.
Ramatu, Lamorde.