Kwarin da Ban Tambayi Sunansa Ba

Zuwa ga Baban Safiya,

Assalamu alaikum. Na san takardar nan ba za ta iso hannunka ba, amma bakina ya gaji da shiru, gidan kuma ba kowa.

Na fita takaba makon jiya. Ina nan unguwar Ka'akiyya, a shaggar nan, gidan hayar da ka bar mu. Safiya ta koma Jidda wajen mijinta, takan zo ran Juma'a da yara. Yaran ba sa jin Hausa, na yi musu magana su amsa da Larabci, sai in ji kamar baƙi nake tarba. Abokanka na unguwar Misfala sun zo gaisuwa sau biyu, daga nan ƙafa ta ɗauke. Zafi ya shigo. Lokacin tafiyarka ke nan.

Shekara bakwai kana bin iyalan maigidanka zuwa Suwizalan kana dafa musu abinci, wata biyu-biyu, ni ina nan da mukayyif, na'urar sanyaya ɗakin nan mai ƙara. Ka dawo da labarin kwari ɗaya tak, kullum shi. Ka ce tsawonsa ya fi daga nan zuwa Jidda, duwatsu dama da hagu, kogi a tsakiya, ruwansa fari-fari saboda daga ƙarƙashin ƙanƙara yake fitowa. Ka ce a bakin kwarin ana noman inabi, in an ƙara hawa sai ciyawa da shanu masu ƙararrawa a wuya, can ƙarshe kuma ba itace ko ɗaya. Akwai wani ƙauye da rana ba ta leƙa shi duk tsawon hunturu, dutse ya tare ta. Na ce maka ƙarya ne. Ka yi dariya kawai.

Tsohon da kake sayen cuku a wurinsa shi ya ba ka tarihin, ɗan maigida yana fassara. Da can fatake ke ratsa kwarin da alfadarai, ɗauke da gishiri, su haye ta wata ƙofar dutse zuwa wata ƙasa. Wata shekara dusar ƙanƙara ta zubo ta binne rabin garinsu, waɗanda suka tsira suka sake gini a gefe. Yunwa ta kori samarinsu zuwa ƙasashen mutane, da yawa ba su koma ba. Nan ne muryarka takan canja, ka tuna kakanka da ya taso daga Kano a ƙafa ya zo Hajji, bai sake ganin gida ba.

Ka ga, ashe ina ji. Ina wanke-wanke na juya maka baya, amma ina ji.

Ga abin da ban faɗa maka ba. Bara da ka shigo da murna, Hajiyar maigidanka ta yarda a tafi da ni, na ce gwiwoyina ba za su iya ba. Gwiwoyina lafiyarsu ƙalau. Haushi nake ji. Ina so kai ma ka ɗanɗana yadda ake roƙon mutum ya ƙi. Na ce a raina baɗi zan je. Wa ya gaya mini akwai baɗi? Na ga yadda ka ninke rigar sanyin da ka sayo mini ka mayar cikin leda. Me ya hana ni kiran ka a lokacin?

Juma'ar da ta wuce na ba Safiya labarin, ta ɗauko waya za ta nemo mini hotonsa. Ta tambaye ni sunan kwarin. Baban Safiya, ban sani ba. Shekara bakwai ban taɓa tambaya ba. Ta yi ta nuna mini kwari bayan kwari, duk kore, duk da kogi, na kasa cewa ga naka. Iyalan maigidanka kuwa kunya ta hana ni nemansu.

Kabarinka ma mijin Safiya ne ya san layin, a maƙabartar Shara'i. Mu mata iyakarmu bakin ƙofa. Wurare biyu ke nan da kake, ban san hanyar ko ɗaya ba.

Ka yafe mini. Allah Ya sanyaya makwancinka, Ya sa ka a inda ƙoramu ke gudana. Sai na zo.

Matarka,
Maman Safiya