Mahaifina Ba Infoma Ba Ne

Zuwa ga Shugaban 'Yan Sa-kai na Unguwarmu, Sabon Birni.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ban-gajiyar aiki, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da yaranka da ke tsare mana hanya. Ni ne Lawali, ɗan kabu-kabun da ke wuce shingenku kullum. Na je gidanka ban same ka ba, na yi aike ba amsa, shi ya sa na rubuto a fili kowa ya karanta. Maganar mahaifina ce, Malam Ɗanjumma, tsohon da yaranka suka ɗaure ranar kasuwar da ta wuce.

Na farko, ya kamata ka san halin da yake ciki. Tun kafin 'yan bindiga su tashe mu daga ƙauyenmu na bayan Kurawa, Baba ya fara mantuwa. Da muka dawo nan sai abin ya ci tura. Yakan ci tuwo ya ce ba a ba shi ba, yakan kira matata da sunan ƙanwarsa da ta daɗe da rasuwa. Rubutu mun ba shi, ruƙiyya an yi, hayaƙi kuwa har ya gaji da shaƙa. Daga baya wata ma'aikaciyar asibiti ta zaunar da ni ta ce gigin tsufa ne, ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba aljanu ba, ba sammu ba. Ta ce babu maganin da ke warkar da shi, sai dai lallashi: kada a yi masa tsawa, kada a ja gardama da shi, kada a hana shi motsa jiki. Likitan da ya san ciwon sosai yana Sakkwato, kai kuwa ka fi ni sanin yadda hanyar take.

Na biyu, abin da ya faru. Da hantsi, ina wurin nema, matata ta je ɗebo ruwa, Baba ya saɓi hauyarsa ya kama hanyar daji. A ransa damina ce, ga shi kuwa muna tsakiyar rani. Yaranka suka tare shi da tambayoyin da kuke yi wa duk baƙuwar fuska: ina za ka, wane gari, wa ye mai garinku. Ya ce, "Gona za ni, haki ya ci min gero." Suka ce wa ke noma da rani? Ya faɗi sunan ƙauyenmu, inda yanzu 'yan bindiga ke zaune. Da aka zo kan mai gari, ya ambaci wanda ya rasu tun ina goye. Shi ke nan, aka ce infoma ne, mai kai wa 'yan bindiga rahoto, hauyar ta ɓad-da-sawu ce. Suka ɗaure masa hannuwa ta baya, suka ajiye shi cikin rana, suna ɗirka masa gora wai ya faɗi wanda ya aiko shi. Ba don wata Bafillatana mai tallar nono ta gane shi ta sa aka nemo ni ba, da yanzu gaisuwar mutuwa nake karɓa.

Na tarar ya jiƙa wandonsa, leɓɓansa sun tsage. Ya dube ni ya ce, "Yaro, kai ɗan wa na? Ce musu su ba ni hauyata." Ranka shi daɗe, ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba, kuma har yau hannunsa na hagu ba ya dunƙuluwa.

Ban ce babu infoma ba. Akwai su, kuma tare da ku muka binne waɗanda suka sa aka kashe. Amma in har 'yan bindiga sun koma aiken tsohon da ke ɓacewa tsakanin ɗakinsa da bayan gida, ai mun kusa hutawa. Tambayoyinku na mai hankalinsa ne. Munafuki ya haddace amsarsu tsaf, wanda ke faɗuwa kuwa irin Baba ne.

Na uku, tun ranar na sa wa ɗakinsa kwaɗo. Wuni yake yana dukan ƙyaure yana kiran mahaifiyata, wadda ba ta duniya. Ya rage cin abinci, ƙafafunsa sun fara kumbura. Ba ni da mai gadinsa, in na zauna gida kuma ba mai ciyar da mu. In na bar shi a kulle ɗakin zai kashe shi, in na buɗe kuma yaranka nake tsoro.

Ga roƙona, ba diyya nake nema ba. Ka turo yaranka gidanmu su ga fuskarsa da kyau, shi da sauran tsofaffin unguwar nan masu irin ciwonsa, don ba shi kaɗai ba ne. Idan tsoho ya kasa amsa tambaya, a zaunar da shi a inuwa, a ba shi ruwa, a aika wa mai unguwa kafin a ɗauko igiya. Sannan a maido masa da hauyarsa, ko ya sami abin kartar ƙasa a tsakar gida.

Ranar Juma'a bayan masallaci za ni cire kwaɗon nan, don ba zan iya ci gaba da tsare ubana kamar akuya ba. Na san wata rana zai faki idonmu ya fita, kuma hanyar shingenku zai bi. Daga nan ransa yana hannun Allah, yana hannun yaranka.

Allah ya tsare ku a bakin aikinku, ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Allah ya ba ka tsawon rai, in kuma ya kai ka inda ya kai Baba, ya haɗa ka da wanda zai kama hannunka ya mai da kai gida.

Wassalam.

Lawali Ɗanjumma,
Sabon Birni.