Sau uku na rubuta wa Gwaggona taifod

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. A ɓoye sunana, kuma don Allah kafin ku zage ni ku karanta har ƙarshe, zagin da nake yi wa kaina ya ishe ni.

Ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani ƙaramin asibitin kuɗi a Rano. Duk mai zazzaɓi da ya shigo, gwajin waidal muke yi masa, na taifod. Tun a makaranta an koya mana cewa gwajin nan shi kaɗai ba hujja ba ne, mai lafiya ƙalau ma yana iya nuna masa, balle namu da ruwan gwajin ke yini a firijin da ba wuta. Na faɗa wa mai asibitin, sai ya ce, "Kai yaro ne. Mutanenmu in ka ce ba ka ga komai ba, cewa za su yi ba ka iya aiki ba. Rubuta taifod, a yi allura, kowa ya huta." Na bi, har hannuna ya saba.

Sai ga Gwaggona daga Kahu, ƙanwar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun ina shekara biyar. Zazzaɓi, tari, ta rame kamar kara. Ta miƙo hannu tana cewa, "Ɗebi jinin, likitana, ai a hannunka na fi natsuwa." Ni ba likita ba ne, amma ban taɓa gyara mata ba, daɗin sunan nake ji. Sau uku tana zuwa cikin wata huɗu, sau uku ina rubuta taifod. Ban ji tarin ba ne? Na ji. Ban san ya kamata a gwada majinarta ba? Na sani sarai. Kunyar in ce abin ya fi ƙarfinmu ce ta rufe min baki, wallahi ba komai ba.

Da ta fara tofar da jini aka kai ta Kano. Tarin fuka ne, ya cinye mata huhu ɗaya. Ina tsaye likitan ya ɗaga takarduna yana faɗa, "Wane marar imanin ne ya yi ta rubuta wannan?" Gwaggo da numfashi ke yi wa wuya ta ce, "Ɗana ne, kar ka zage shi. Ciwon ne ya ɓuya."

Mai asibiti har yau cewa yake ƙaddara ce. Ita kuwa tana kwance tana sa min albarka, kowace albarka sai ta ƙone ni. Yanzu 'yarta da ke jinyarta ta fara zazzaɓi da tari, Gwaggo ta rantse babu mai taɓa jinin 'yar tata sai ni, jibi za su zo. In na tura su wani wuri dole in faɗi dalili, in na faɗa na karya zuciyar matar da da ƙyar take numfashi. Me zan yi?