Angon Iya Dela

Kazaure,
Jihar Jigawa.

Zuwa ga yayata abar alfaharina, Ya Kura,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida Yaya Kashim da yara baki ɗaya. Allah Ya ƙara muku lafiya da rufin asiri a wannan gari naku mai nisa, Ya raya mana Musaddiƙ da Sadiyya bisa tafarkin addini. Mu a nan kowa lafiya. Baba ya samu sauƙin ƙafar nan tasa, har ya koma tafiya masallaci ba sanda, sai dai Umma ta ce rigimarsa ma ta samu sauƙi tare da ƙafar. Damina ta yi kyau bana, kawu Baba Kura ya aiko mana da sabon gero daga Babura, na yi fura da shi na tuna ki, don ke ce mai cewa furar Legas ruwa ce da suna.

Tsohuwar da ta miƙa miki wannan takarda ita ce Iya Dela, wadda kika amince za ki sauke ta a gidanki kwanakin da za su yi a Legas ita da maigidana. Da hannuna na sa mata takardar a jaka. Na zaɓi rubutu ne saboda ranar da na fara yi miki maganar nan a waya, ban kai ko rabi ba kika fashe da dariya, har kika kira Yaya Kashim ya zo ya ji wai Lailatu na kishi da tsohuwa. Ni ma na taya ki dariyar don kunya, da na ajiye wayar kuma na zauna ina share hawaye. To yanzu ba kya ganin fuskata, ba kya jin muryata, ki daure ki karanta har ƙarshe.

Kin koma Legas ana gama bikina, don haka abin da kika sani game da Shafi'i bai wuce abin da dangi ke faɗa ba, wai Lailatu ta auri mai hoto. Bari in gaya miki shi yadda na san shi. Ya fara ne a wani ɗan shago kusa da tasha, da tsohuwar kwamfutar wansa, yana tsara katin biki da kalanda da 'yar takardar da ake liƙawa a jikin robar zuma ko man gyaɗa. Daga nan marubuta suka gano shi, suka riƙa aiko masa ya zana musu bangon littafi. Kin san ni da littattafan soyayya, kin sha zaro su daga ƙarƙashin matashina ki kai wa Umma ƙara. To a bayan irin waɗannan littattafan na fara ganin sunansa, da ƙananan baƙaƙe can ƙasa, na ce a raina duk wanda ya iya zana idon mace haka, ya san yadda ake kallon mace. Da wannan tunanin na aure shi, Yaya, ba zan ɓoye miki ba. Ya taɓa zama a Kano wajen masu shirya fim, ya riƙe musu fitila, ya ɗaukar musu kaya, sannan ya dawo ya ce ba zai iya aiki ƙarƙashin wanda zai nuna masa inda zai kafa kyamara ba. Tun daga lokacin shi ne komai na kansa. Shi ke ɗauka, shi ke zama ya yanke ya haɗa, shi ke zana fasta, shi ke ɗaura injin nuni a bayan babur ya tafi Roni ko Yankwashi ya haska wa mutane a jikin farin ƙyalle. Ya yi ɗan gajeren fim a kan masuntan dam, ya yi wani a kan direbobin hanyar iyaka masu ajiye naira a aljihu ɗaya sefa a ɗaya. Katin biki ne ke ciyar da mu, fim ɗin ci yake yi, amma ban taɓa yi masa ƙorafi ba, don idan yana ba ni labarin abin da ya ɗauko, fuskarsa kan yi wani haske da nake so.

Ni na jawo wa kaina, wannan ma yana cikin abin da ke cina. Randar da Umma ta sa min cikin kayan ɗaki tana da wani zane a wuya, kamar sawun kaza an jera shi yana hawa yana sauka. Wata rana yana neman abin da zai ƙawata gefen wani kati, na ce masa ya dubi wuyan randata. Ya durƙusa a gabanta har shayinsa ya huce. Daga nan ya bi sawu, daga mai sayar da tukwane a kasuwa har wani ƙauye bayan Gwiwa, ya tarar da mai ginin, wato Iya Dela, tsohuwa wadda mijinta ya daɗe da rasuwa, ita kaɗai ta rage cikin matan da ke yin wannan zanen da tsinken kara. Hoto ɗaya ya ce min zai ɗauko ya dawo. Damina ta wuce, kaka ta wuce, rani ya zo ya tafi, yana kan hanyar Gwiwa. Idan ya dawo kuma tana nan a cikin kwamfuta, tana kwaɓa yumɓu, tana zagaya tukunya da baya da baya, tana dariya da 'yan haƙoranta. Zai tsayar da hoton a kan fuskarta ya zuba mata ido tun daga azahar har a kira la'asar.

Ranar da ta fara ganinsa ta ce ga angonta ya iso, kamar yadda kowace kaka ke yi wa jika, shi ma ya amsa. Da ya kawo ta gidanmu, tana shigowa ta dube ni sama da ƙasa, ta ce wai wannan 'yar siririyar ce ta ƙwace mata miji, anya ma ta iya tuƙa tuwo ko sai dai ta ba shi takarda ya ci. Matan gidan suka taru ana shewa, aka ce in rama mana. Na ce mata ta sakar min mijina ya zauna a gidansa. Da gaske nake. Aka kwashe da dariya, surukata na riƙe ciki tana cewa ashe Lailatu ta iya wasa haka. Kin ga inda na maƙale ke nan. Al'ada ta ce in yi kishin wasa da ita, ni kuwa na gaske nake yi, kuma kalmomin duk iri ɗaya ne. Duk wanda na kai wa kukana sai ya yaba min iya barkwanci.

Na koma ga littattafaina ko zan samu dabara, na tarar ba su san da irin matsalata ba. A cikinsu wadda ke ɗauke hankalin miji doguwa ce fara, tana tuƙa mota, ƙamshinta na riga ta shiga ɗaki, kuma akwai yadda ake yi da ita. Ba wanda ya rubuta abin da za a yi da mace mai tabon wuta a hannu da yumɓu a farce. Duk da haka na gwada abin da suka ce. Na sa leshina na biki na tsaya kusa da teburinsa, ya ce na yi kyau ƙwarai, amma in ɗan matsa na tare masa haske. Na kwanta na ce kaina ke ciwo, don a littafi a nan ne miji ke gigicewa ya gane darajar matarsa. Ya kawo min magani da ruwa, ya taɓa goshina, ya ce Allah Ya sawwaƙe, ya rage sautin kwamfutar don kada muryar Iya ta dame ni. Daga ƙarshe na cire kunya na ce ni ma ya ɗauke ni, ko ina tankaɗe ne, ba don a nuna wa kowa ba. Ya yi murmushi ya ce ita kyamara ta abin da ke shirin ɓacewa ce, ni kuwa ai ina nan. Na san yabo yake nufi. Ni dai abin da na ji shi ne, wanda ke nan ba a kallonsa.

Sai ga wannan gayyatar. Masu wani taron nuna fina-finai a nan garinku suka zaɓi fim ɗin da ya yi a kan Iya, suka ce za su ɗauki nauyin mutum biyu a jirgi. Ya shigo yana haki don murna, ya kama hannuna ya ce mutum biyu, Lailatu, mutum biyu. Yaya, kafin ya rufe baki na riga na zaɓi kayan da zan sa, na zauna kusa da taga, na ga gajimare a ƙarƙashina, na gan ki a filin jirgi kina ɗaga min hannu. Kin san ban taɓa wuce Kano ba. Sannan ya ce tunda ni na san atamfa, in taimaka in zaɓa wa Iya wadda za ta dace da ita a gaban jama'a. Bai ma lura na saki hannunsa ba. Na je kasuwa da niyyar ɗauko mata mafi muni, na ɗaga wata mai ruwan ƙasa kamar buhu, na juya ta na sake juyawa, na kasa. Shuɗiyar nan da za ki gani a jikinta ni na zaɓa, kuma ta yi mata kyau, abin haushi.

Da ta zo gwada ɗinkin, muka kasance mu biyu a ɗaki da rana, shi ya fita shago. Ina ɗaura mata ɗankwali ta fara wasan nata, wai za ta tafi da angonta yawon amarci a sama, ni in zauna in yi gadin randa. Ban iya ko murmushin dole ba. Sai ta kama hannuna ta sauke shi daga kanta, ta juyo ta dube ni sosai, irin kallon da take yi wa tukunya idan tana neman tsaga. Ta ce ashe 'yar nan ba wasa take ba. Ba ta yi dariya ba, kuma ba ta yi min wa'azi ba. Sai ta ce abu mai sauƙi ne, za ta gaya masa ƙafa ta hana ta, ita 'yar Gwiwa ce, idan ta ce gwiwa na ciwo ba mai ƙaryata ta, sai in hau kujerarta ta jirgi in tafi. Ta ce ita me za ta gani a fim ɗin a Legas, in ba fuskar da take gani kullum a cikin ruwan randa ba.

Wallahi Yaya bakina har ya buɗe zai ce to. Amma jakarta na buɗe a gabana, na ga sababbin silifa a cikin ledarsu ko taka su ba ta yi ba, kuma shi ya gaya min duk ƙauyen sun san Dela za ta hau jirgi, har maƙwabta na ba ta saƙon tsaraba. Ba ma wannan ne ya tsayar da ni ba, kada ki ɗauke ni ta kirki. Na hango kaina ne zaune a ɗakin taron kusa da shi, fuskarta ta cika bango, shi kuma yana juyowa yana ce min ina ma Iya na nan ta gani. Ni kujerar da ya zaɓa min nake so, ba wadda ta tashi ta ba ni ba. Na ce mata ta tafi. Ta sake tambayata, na sake cewa ta tafi. Ta ce taurin kaina ya fi na yumɓun rani, ta miƙo min kai na ƙarasa ɗaurin. Daga ranar ba ta sake ce masa angona a gabana ba, shi kuwa ko lura bai yi ba.

Kada ki zaci na huce. Abin da ya fi ƙona ni, ita da kallo ɗaya ta ga abin da mai kyamara bai gani ba muna gida ɗaya, kuma na nemi in tsane ta ta hana ni. Na san ke ma kwana ɗaya za ta yi a gidanki ki fara sonta, kowa haka yake yi.

Ga roƙona. Ki kula min da ita. Ba ta shan ruwan firji, farin goro take ci, ba ta kwana a gado sai tabarma, kuma ki riƙe mata hannu a matakala, don gwiwar da gaske tana ciwo. Sannan ki daure ki je wajen nunin, ki zauna inda za ki ji da kyau. Ya ce idan an gama za a ba shi dama ya tashi ya yi godiya. Ki saurara min ko zai ambaci sunana. Kada ki tuna masa, kada ki sa Yaya Kashim ya tuna masa, wanda aka tuna masa ba ya cikin abin da nake nema. Idan ya faɗa, ki kira ni ko a ina kike. Idan bai faɗa ba, kada ki ƙirƙiro min, na san muryarki idan kina rarrashi.

Umma da Baba suna gaishe ku, Umma ta ce kuka da daddawar da ke cikin farar leda naki ne, kada ki rabar. Zulaikha ta kawu na gaida ki. Ki gaida min Yaya Kashim da kyau, ki shafa min kan Musaddiƙ da Sadiyya. Idan Iya Dela ta tambaye ki abin da na rubuta, ki ce mata gaisuwa ce kawai. Ba za ta yarda ba, amma ba za ta sake tambaya ba.

Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki mai kewarki,
Lailatu